Yafiyar da Ba Ta Isa Damari Ba

Yayana ya makance ne a hankali, kamar yadda rijiya ke ƙafewa da rani. Da farko gefen idonsa ne ya tafi, sai fuskokin mutane, daga baya ya koma sanin rana da inuwa ta wurin zafi kawai. Manomi ne a Mabai, mai dawa da masara da 'yan tumaki. Shekarar da kwana a ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, aka kwaso shi da matarsa zuwa cikin Ƙanƙara, gidan ɗansa na fari, wanda ke da shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Ni a Faskari nake zaune, ina karantar da yara ina ɗan taɓa noma. Idan hanya ta yi sauƙi nakan hau mota in je in gan shi.

A gidanmu ana jin kunyar ɗan fari ƙwarai. Tun da aka haifi yaron nan yayana bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa zaunar da shi sun yi hira ba. Kakarsa ce ta raine shi. Idan zai ambace shi sai ya ce "wancan", da ya buɗe shago kuma ya koma "mai shago". Idan yana son wani abu a wurinsa sai ya faɗa wa wani ya faɗa masa, ko da suna zaune a tabarma ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce. Haka muka taras, haka kuma mahaifinmu ya yi wa shi kansa. Sai dai abin da yake tafiya daidai a babban gida mai cike da kakanni da baffanni ya zama wani abu dabam a ƙaramin gidan haya, inda uba makaho ke ci daga hannun ɗan da ba ya iya ce wa sannu kai tsaye.

Duk maganar da bai yi da ɗan fari ba, da autarsa yake yin ta. Ɗiya ce mai sanyin murya, tana aure a Damari, ƙasar Sabuwa. Ita ta aiko masa da wayar, tsohuwar ta mijinta, irin wadda ake shafawa, gilashinta ya tsage ta kusurwa. Makaho da waya mai shafawa abu ne mai wuya, amma muka sami dabara. Mai shago ya ajiye wurin hirarta a fuskar wayar, ni kuma na jiƙa ƙaron da nake haɗa tawada da shi na ɗiga a gefen wayar, na bari ya bushe. Ɗigon sama shi ke kai yatsansa wurin buɗewa, na tsakiya wurin sauraren saƙonta, na ƙasa kuma inda zai danna ya riƙe ya yi magana. Bai daɗe ba ya ƙware. Da hantsi zai zauna a bakin ƙofar ɗakinsa ya jingina da bango, ya yi ta hira da ita, yana tambayar ruwan bana a can, da kuɗin taki, da ko mijinta yana kyautata mata. Yana dariya da ƙarfi. Duk gidan ana ji.

Da matarsa ta rasu, autar ba ta zo ba. Cikinta ya tsufa, hanya kuma a lokacin ana tare ta da rana tsaka, mijinta ya hana. A wurin zaman makoki yayana ya ce, cikin zafin rashi, "Ko autar ba ta zo ba." Sau ɗaya ya faɗa, kuma na tabbata kafin la'asar ya manta. Amma akwai masu ɗaukar magana su yi mata rakiya, har ta isa Damari.

Ba a jima da wannan ba wayar ta soma nuna wani rubutu duk lokacin da aka buɗe wurin saƙo. Na zo ziyara na tarar da yayana cikin damuwa, yana dannawa abin ba ya shiga.

"Mai tawada," ya ce, don haka yake tsokanata, "ka ɗauka ka kai ma mai shago shi duba. Ka ce mashi ba gaggawa."

Gaggawa kuwa akwai, a fuskarsa na gani. Na ɗauka na tafi kasuwa.

Shagon ɗan akurki ne na katako da kwano, da teburi ɗaya, da laftof wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Mai shago ya karɓi wayar ya jujjuya ta, ya karanta rubutun.

"Baffa, manhajar cikinta ce ta tsufa. Kamfanin da ya yi ta ya daɗe da mantawa da ita, ba zai ƙara aiko da sabuwa ba. Amma akwai mutane a duniya da ke haɗa tasu su saki kyauta. Sai an fasa makullin da kamfani ya sa mata daga ciki, sannan a zuba ta waɗancan."

"Ka taɓa yi?"

Maƙwabcinsa mai sayar da caja da marfin waya ya riga shi amsawa. "Filashin, wato sake zuba manhajar kamfani, kullum yana yi, Malam. Irin wannan kam yau zai fara. Wayar kwastoma in ta mutu har ofishin 'yan sanda ake zuwa. Ta tsoho kuwa sai dai a ce ƙaddara."

Masu shagunan kusa suka yi dariya. Shi bai yi ba, ya riga ya sunkuya.

Na zauna a benci ina kallo. Ya kashe wayar, ya danne maɓalli biyu tare har fuskarta ta yi baƙi da wasu ƙananan rubutu kamar tururuwa. Ya sa mata kebul ya haɗa da laftof, ya rubuta wani abu. Sai wayar ta fito da gargaɗi da Turanci, da jan rubutu a ƙasa.

"Me take cewa?" na tambaya.

"Wai in an buɗe, duk abin da ke ciki zai goge."

"A makaranta ba a wanke allo sai an haddace abin da ke kai. Ka tambayi mai ita?"

"In ba a buɗe ba, ba a shiga, Baffa." Kafin ya rufe baki ya riga ya danna.

Daga nan aiki ya yi tsawo. Fayil ɗin da ya sauke na farko wayar ta ƙi karɓa. Ya nemo wani, ya ce ba na wannan wayar ba ne sak, na ƙanwarta ne, amma uwarsu ɗaya. Wani koren layi ya riƙa tafiya a hankali yana tsayawa. Da ya cika, wayar ta kunna, ta nuna wata alama mai juyawa, ta mutu, ta sake kunnawa, ta mutu. Mai caja yana ta yi masa waƙa, "Injiniya ya kashe ta tsoho." Na je na yi azahar na dawo, na tarar ta tashi. Fuskarta ta canza, komai yana gudu kamar sabuwa. Masu shaguna suka taru suna karɓa hannu zuwa hannu, wannan ya ce a yi wa tasa, wancan ya ce ai yaron nan ya wuce Ƙanƙara. Na ga fuskarsa ta yi haske yadda ban taɓa gani ba a gida.

Da suka watse ya kira wayar da tasa, ta yi ƙara. Ya kara ta a baki ya ce "halo, halo", yana sauraren tasa a ɗaya kunnen. Ya sake cewa "halo". Sannan ya mayar da hirar autar daidai inda ɗigon ƙaro yake, ya miƙo mini ya ce, "An gama."

A gida yayana ya shafa ɗigon nan ya ji komai yana wurinsa, ya yi hamdala. Sai ya ce in nemo masa muryar marigayiya, akwai wasu saƙonni da ta taɓa yi wa autar ta wayarsa, yakan saurara. Na ce sun goge. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya ajiye wayar a cinya. Mai shago yana tsakar gida yana alwala, yana ji. Uban bai tambaye shi ba, shi kuma bai ce komai ba. Washegari na koma Faskari.

A watannin da suka biyo baya yayana ya kira ni sau da yawa. Ina ɗauka sai in ji shiru. In yi ta sallama, ba amsa. Sai in kira mai shago, ya ce, "Sabis ne, Baffa, unguwarmu ba ya kamawa sosai. Lafiyarshi lau." Damina ce, aikin gona ya riƙe ni, kuma sabis a ƙasarmu dama ba abin dogaro ba ne. Na yarda.

Ƙarshen daminar nan hukuma ta rufe sabis ɗin waya baki ɗaya a yankinmu saboda matsalar tsaro, da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da maƙwabtansu. Aka wayi gari kowa na riƙe da ƙarfe marar amfani. Tun da ba ni da hanyar jin lafiyarsa ko ta bakin ɗansa, sai na shirya na tafi da ƙafata.

Na same shi a bakin ƙofar nan, ya rame. Wayar tana hannunsa, don saƙonnin da suka riga suka shigo ana iya jinsu ko ba sabis. Bayan mun gaisa ya ce, "Zauna ka ji wani abu. Ban san mi ya shiga ɗiyar nan ba."

Ya kai yatsa ɗigon tsakiya. Muryarta ta fito, tana rawa. "Baba, don Allah don Annabi ka yafe mini. Na san na yi laifi da ban zo ba. Ko da rarrafe ne da na zo." Ya sa na ja sama na kunna wani. Ta haihu, namiji, tana roƙon ya sa wa yaron albarka ko da ita bai yafe mata ba. Wani kuma babu magana sosai, kuka ne da sunan Allah. Suna da yawa. A wani ta ce an faɗa mata har yanzu zuciyarsa ba ta sauko ba, za ta jira.

"Ka ji?" ya ce. "Na yafe mata har harshena ya gaji. Na ce ba ki yi mani komai ba, in ma kin yi na yafe duniya da lahira. Gobe sai ta sake. In na kira ta, ina magana tana magana, kamar ba ta jina. Na sa an faɗa ma mai shago, ya karɓa ya danna, aka ce sabis ɗin Damari ne, in riƙa yin saƙo, shi yana isa. To ina yi. Ko aljanu ne suka taɓa ta bayan haihuwa?"

Ɗiya ba ta ce wa ubanta "ka yi mini shiru". Ladabi ba ya barin ta. Shi kuma yatsansa bai san hanyar komawa kan saƙon da ya aika ba, don ban ɗiga masa ƙaro a wurin ba, ba wanda ya ga bukata. Na karɓi wayar na duba. Ga saƙonninsa a jere a ɗaya gefen, dogaye da gajeru, duk sun tafi, duk ta buɗe. Na danna ɗaya. Ba komai. Na danna wani, na kara a kunne. Wani ɗan huci kawai, kamar iska a cikin tulu.

"Mi ne ne wannan?" ya ce. Kunnen makaho ba ya barin abu ya wuce.

Matar mai shago tana shanya a igiya kusa da mu, ita ta amsa, ba tare da ta juyo ba.

"Ai tun ranar da aka yi mata aiki ba ta ɗaukar magana, Baffa. Ji kawai ake yi. Maigidan ya ce a ƙyale shi, yana ɗebe mishi kewa." Ta yarfe wani zane ta rataya. "Wani lokaci har maƙwabta kan leƙo, wai Baba ya fara wa'azinsa."

Yayana bai motsa ba. Can ya ce, a hankali, "Tun yaushe ta ce?"

"Tun ranar," na ce.

Ya laluba ya karɓi wayar daga hannuna, ya ajiye ta a ƙasa, ya tura ta da bayan hannu har ta bar tabarma.

Na tafi kasuwa. Layin masu waya ya mutu, ba mai kawo gyara tun da ba sabis, suna zaune a inuwa ana buga dara. Na kira mai shago gefe, bayan shagon.

"Ka san wayar babanka ba ta ɗaukar murya?"

Bai yi mamaki ba. "Fayil ɗin ne. Na ƙanwarta ne, komai ya yi, abin ɗaukar magana ne kawai bai dace ba. Na so in gyara."

"Me ya hana?"

"In na mayar da ta kamfani, saƙo ba zai buɗe ba. Kuma duk layin nan sun san na yi aikin, har an kawo mini wasu saboda shi. In dawo in ce bai yi ba?"

"To ka ara masa taka ya yi magana da ƙanwarka."

Ya kalli ƙasa, yana murza wani guntun kebul da takalmi.

"Wa ya ce mata yana fushi?" na ce.

"Ita ta kira ni tana tambaya. Wai Baba yana ɗauka ya yi shiru, yana aiko mata da saƙo ba magana, ko fushi yake. Na ce wataƙila."

"Sau ɗaya?"

"Duk lokacin da ta tambaya."

Na ce ya ji tsoron Allah. Na ce wannan ba wasa ba ne, yarinya tana can da jego tana ganin ubanta ya juya mata baya, kuma ya san abin da fushin iyaye yake nufi a wurin mai imani. Ya bar ni na gama, don yana da ladabi irin na ganin ido.

"Baffa, ni na yi jinyar Inna. Ni na shiga kabari na karɓe ta. Ni nake kai shi bayi in matata ba ta nan. Ita tana can tana aiko da murya, shi ke nan aikinta, kuma ita ce 'yar albarka. Kullum da hantsi ina jinsu ta bango, auta kaza, auta kaza, ana dariya. Ni tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinshi ba. Wancan. Mai shago." Ya ɗago. "Ta ɗanɗana shirun nan na 'yan watanni. Ni da shi na girma."

"Al'ada ce, ba shi ya ƙirƙiro ta ba."

"Na sani. Ni ma ba ni na ƙirƙiro fayil ɗin ba."

Aka kira shi daga wurin dara, wai wasansa ne. Ya ce in yi haƙuri, ya tafi.

Da na koma gida na ce wa yayana a samo wata waya a ɗauki muryarsa, ni in kai mata har Damari ta ji. Ya girgiza kai.

"Na gama magana da ƙarfe. Watanni ina zuba magana a rijiya, suna zaune suna kallona, har da kiran maƙwabta. Ka nemo mota ka tahi da ni. Da bakina zan faɗa mata, a kunnenta, hannuna a kanta."

Na lallashe shi, ya ƙi. Yayana in ya kafe sai Allah. Sai dai ya kama hannuna ya ce, "Amma kai ka shaida. Na yafe mata, ba ta ma yi mani komai ba. Allah shi yi mata albarka, ita da abin da ta haifa."

"Na shaida," na ce.

A kwanakin da na yi a gidan bai ce wa ɗansa uffan ba, ɗan ma bai ce ba. Wanda bai sani ba ba zai ga wani canji ba, don dama haka suke. Tuwo yana zuwa a kan lokaci. Da hantsi ya zauna a bakin ƙofa hannunsa a cinya, ba abin riƙewa.

Neman mota a lokacin ba ƙaramin aiki ba ne. Man fetur ya yi wuya, direbobi suna tsoron hanyar Dandume, ba wanda ke son ɗaukar tsoho makaho wanda in an tare hanya ba zai iya gudu ba. Na koma Faskari ina bin wani mai ɗaukar hatsi da ya yi mini alkawari in an fara girbi sosai. Kafin alkawarin ya cika, wani ɗan unguwar su yayana ya zo a mota ya same ni a makaranta. Zazzaɓi ne ya kama yayana, bai yi doguwar jinya ba. Har an kai shi. Allah ya jiƙansa, ya sa makantarsa ta zama kaffara.

Wannan karon autar ta zo. Labari ya isa gare ta ta bakin direbobi, ta goya jaririn ta hau bayan motar masara, mijinta yana roƙonta ba ta saurare shi ba. Ta iso ana cikin zaman makoki, ƙafafunta sun kumbura. Da mutane suka ragu da la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakin da ya zauna, ta durƙusa kusa da tabarmarsa.

"Baffa, ya ambace ni kafin ya cika?"

Na zauna na faɗa mata komai a tsanake. Na ce bai taɓa fushi da ita ba. Na ce wayar ce aka yi wa aiki ta daina ɗaukar murya, duk saƙon da ta ji shiru magana ce yake yi a ciki, yana yafe mata yana sa mata albarka. Na ce ya riƙe hannuna ya sa ni shaida, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunsa. Abu ɗaya na rage, ban ce yayanta ya sani ba. Gawa ba ta daɗe da fita gidan ba, ban so in raba zumunci a kan tabarmar mamaci.

Tana saurare tana share hawaye da bakin mayafi. Na ga tana so ta yarda. Sai dai ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta sha zuwa gidan rasuwa, ta san abin da ake faɗa. Ba a taɓa yin mamacin da aka ce ya tafi da fushin wani ba. Kowa cewa ake ya yafe, ko ya yafe ko bai yafe ba, don a sanyaya zuciyar masu rai.

Mai shago ya zo wucewa ta bakin ƙofa da buta a hannu. Ta kira shi.

"Yaya, wai wayar Baba ta lalace ne? Baffa ya ce ba ta ɗaukar magana."

Ya tsaya. Ya dube ni, ya dube ta. Ya ajiye butar, ya sa hannu a aljihu ya fito da wayar. An kankare ɗigon ƙaron, gefenta ya yi sumul. Ya buɗe wurin ɗaukar murya ya miƙa mata.

"Gwada."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Assalamu alaikum." Ya danna mata. Muryarta ta fito tar, har da kukan jaririn a bayanta.

Daga baya mai caja ya gaya mini cewa bayan zuwana kasuwa na biyu da 'yan kwanaki mai shago ya mayar wa wayar manhajar kamfani, dama tana ajiye a laftof ɗinsa, aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Ko nadama ce ta sa shi, ko shirin wannan rana ne, Allah ne masani. Ban ga zuciyarsa ba. Abin da na gani shi ne ya karɓi wayar ya mayar aljihu, ya ce, "Ki yi ta yi mishi addu'a. Ai duk wanda ya rasu ya yafe." Ya ɗauki butarsa.

A nan na faɗi sauran. Na ce ya sani, tun ranar farko ya sani, a tambayi matarsa. Aka kira matar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ba ta san kan waya ba, aikin maza ne. Autar ta dafa ƙafata.

"Baffa, ya isa. Kada ka ɗora wa Yaya laifi saboda ni. Duk Ƙanƙara an san hannunshi a gyaran waya, da ta lalace a gidanshi da ba ta kwana ba. Na san don ka sanyaya mini rai ne. Allah ya saka da alheri."

An daɗe da buɗe sabis yanzu. Mai shago ya ƙara ɗaki a shagonsa, har yara yake koya wa aiki, muna gaisawa a wurin biki da jana'iza. Ita kuwa tana azumin Litinin da Alhamis ba fashi, duk Juma'a tana dama fura ta raba sadaka da sunan mahaifinta, tana roƙon Allah ya sauko da zuciyarsa a inda yake. Duk zuwan da na yi Damari sai na maimaita mata shaidata, kalma da kalma yadda ya faɗa. Takan sunkuyar da kai ta yi godiya, irin godiyar da ake yi wa wanda ya kawo maganin da aka san ba ya aiki.

Zuwana na bara, bayan an ci abinci, ta ɗauko wayarta ta zauna nesa kaɗan da ni. Ba ta goge saƙonninsa ba, ko da ta canza waya sai da ta sa aka kwashe mata su. Ta ce takan saurara in gida ya yi tsit, ko za ta ji numfashinsa. Ta ja ƙasa ta nuna mini wani da ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba, wanda ya shigo washegarin haihuwarta.

"Ka ga wannan, Baffa. Ranar ya fi jin haushina."

Na san yayana, mutum ne mai gajeriyar magana in ransa ya ɓaci. Ba ya tsawaitawa sai in addu'a yake yi. Na faɗa mata haka. Ta ce to, ta danna, ta kara a kunne, muka zauna har ya ƙare.